Kwalbar Kawu da darasin Ingilishi

A babban hutun 2024 na sauka tashar Ƙonni daga Yamai da jaka ɗaya a kafaɗa da karatun shekara biyu na kimiyyar harshe a ka. Ban kwana uku ba Inna ta samo mini aiki. Ta ce tunda dai ko na je gona ba abin da nake yi sai tsayuwa ƙarƙashin icce ina latsa salula, to in tara ƙannena da ɗiyan maƙwabta in koya musu Ingilishi, don makin da suka kawo gida a wannan darasi ba ya faɗuwa a gaban mutane.

Kawu ya ba mu zaurensa. Muka shafa wa wani falankin katako baƙin fenti ya zama tablo, na sayo kwalin alli. Ranar farko yara 11 suka zo, maza 6 mata 5, masu shekara 12 zuwa 14, wasu sun gama sizyam wasu sankiyam. Suka zauna kan tabarma kowa da kayensa da bik ɗinsa, suna kirana Mushe suna ƙunshe dariya, don jiya-jiya Yaya suka san ni.

Na koyar da su kamar yadda aka koyar da ni. Na ja layi a tablo, na jera wakilan suna, na jera aikatau a gabansu, na ce su maimaita. Suka maimaita da ƙarfi har awakin Kawu suka tsorata. Washegari muka yi korewa, jibi muka yi tambaya. Kafin sati biyu ya cika, yara 4 suka rage mini, biyu daga ciki kuma ƙannena ne waɗanda Inna ke korowa da tsintsiya. Wata safiya ƙanena ya aje bik ya dube ni ya ce: “Yaya, wanga abu da muka ta hwaɗi, mi za a yi da shi?” Na ce masa jarrabawar BEPC na nan tafe. Ya ƙirga da yatsu ya ce saura shekara uku, ya koma ya jingina da bango.

Ranar na ji haushinsa, amma da dare da na kwanta sai na ga bai yi ƙarya ba. Ku dubi hanyar da yaronmu ke bi kafin ya iso ga Ingilishi. A gida Hausa yake ji. A makarantar allo yana karanta Larabci. A lekol an karɓe shi da Faransanci tun ranar farko, harshen da bai taɓa sayen ko ƙuli-ƙuli da shi ba. Sai ya shiga kolej, a sizyam, a kawo masa Ingilishi, kuma sau da yawa da Faransanci ake yi masa bayaninsa. Wato ana nuna masa abin da bai sani ba da abin da bai gama sani ba. In ya tambayi amfanin wahalar, sai a nuna masa jarrabawa can nesa. Ni ma haka aka yi mini, na haƙura don ina son makaranta. Abokaina da yawa ba su haƙura ba.

Abin mamaki shi ne ba garin da ya kai Ƙonni cika da Ingilishi a wannan yanki. Daga tsakiyar gari zuwa Illela ta Najeriya, ba Illelarmu ta nan jihar Tawa ba, tafiyar ƴan mintoci ce a kan kabu-kabu. An rufe iyakar bayan 26 ga Yuli 2023, aka sake buɗe ta a watan Maris 2024, kuma da na zo hutu kaya sun dawo suna kwarara kamar da. Mutanen tsallake Hausa suke yi, mu ma Hausa muke yi, don haka ba wanda ke buƙatar Ingilishi wajen ciniki. Amma kayan da kansu Ingilishi suke yi. Kwalin magani, buhun taki, ledar madara, takardar da ke cikin kwalin injin ban ruwa, saƙon banki da ke shigo wa ƴan canji a salula, duk da Ingilishi ne. Muna zaune cikinsa kamar kifi cikin ruwa, ni kuma ina zaure ina koya wa yara yadda za su ce su ɗalibai ne.

Kawu ne ya fitar da ni, ba tare da ya sani ba. Yana da ɗan fili kusa da gandun noman rani na Ƙonni, wanda madatsun Mozage da Zango ke ba ruwa, yana noma zogala da wake da ɗan tumatir. Wata Laraba ya dawo daga kasuwa ya shigo zaure ana tsakiyar darasi, ya miƙo mini wata kwalba ya ce: “Kai mai Turanci, duba man nan. Murhi nawa a ka zubawa ga tanki guda? Mai shago ya ce biyu, maƙwabcina ya ce huɗu.” Maganin ƙwari ne, irin wanda ake shigowa da shi daga Najeriya. Na juya kwalbar, rubutu ƙanana cunkushe, na fara laluben inda aka faɗi awo.

Kafin in samu, yaran sun kewaye ni. Kwalba ta bar hannuna ta shiga nasu. Wani ya ga hoton ƙoƙon kai da ƙasusuwa, wani ya ga kalmar “poison” ya yi ihu wai maganin kifi ne, don ya tuna da kifin Faransanci mai “s” biyu. Aka fashe da dariya. Sai ɗiyar Kawu, wadda tun da muka fara ban ji muryarta ba in ba cikin amshi ba, ta sa yatsa a kan wani layi ta fara haɗa baƙi a hankali: “Keep out of reach of children.” Ta ce ta san kalmar ƙarshe, yara ke nan. Sauran fa? Na fassara mata: a aje nesa da inda hannun yara zai kai. Zauren ya yi tsit. Kwalbar tana hannun yaro ɗan shekara 12.

Wannan laifina ne, kuma ba zan ɓoye shi ba. Matar Kawu ta ji abin da ya faru, ta fito ta wanke ni tas, ta sa kowane yaro ya wanke hannu da sabulu sau biyu. Tana da gaskiya. Amma da yamma ɗiyar Kawu ta same ni a ƙofar gida ta ce: “Yaya, in haka anka rubuta, don mi Baba ka aje ta bisa taga, inda Auta ka wasa? Mi anka rubuta kuma wanda ba mu sani ba?” Tun da na fara koyarwa, wannan ce tambayar farko da ɗalibi ya yi mini don yana son amsar.

A jami'ar Abdou Moumouni na taɓa jin labarin wata hanyar koyarwa da ake kira koyo ta hanyar warware matsala. Ta yi suna ne daga makarantar koyon aikin likita ta jami'ar McMaster a Kanada, wadda ta fara ɗaukar ɗalibai a 1969. Maimakon a cika ɗalibi da lacca sannan daga baya ya ga maras lafiya, sai a fara aje masa labarin maras lafiyar, shi da abokansa su gano abin da ba su sani ba, su je su nemo shi. A fannin harshe ma akwai makamancin haka. Wani malami ɗan Indiya, N. S. Prabhu, ya gwada a Bangalore tsakanin 1979 da 1984: ya bar jera ƙa'idojin nahawu, ya riƙa ba yara ayyuka da Ingilishi, kamar karanta taswira ko jadawalin jirgin ƙasa, harshen yana shiga yayin da hankalinsu ke kan aikin. Na rubuta duk wannan a kaye, na ci jarrabawa da shi, na manta. Sai ga shi yarinya ƴar sizyam ta kawo mini matsalar har ƙofar gida.

Washegari na goge tablo na rubuta tambaya ɗaya da Hausa: Mi ke rubuce a kan kwalaben da iyayenmu ke feshi da su, kuma ta yaya za mu sanar da su? Na kafa doka guda wadda ba ta da sassauci: ba yaron da zai sake taɓa kwalba, cikakka ko wofi. Babba zai riƙe, a ɗauki hoto da salulata, mu yi aiki da hoton. Labari ya zaga unguwa cewa Mushe ya daina waƙar aikatau. Kafin ƙarshen sati yara 9 sun dawo.

Muka kasu uku. Rukunin farko su ne masu farauta: suna bina gida-gida da shagunan masu sayar da maganin gona muna ɗaukar hotuna. Na biyu masu tambaya: suna zuwa wurin manoma da matan gida su ji abin da suke son sani. Na uku masu ƙamus: an ba su wani tsohon ƙamus na Ingilishi da Faransanci wanda bangonsa ya cire, su ne ke farautar ma'ana. Kowane sati ana juyawa, don kada wani ya maƙale wuri ɗaya.

Masu tambaya ne suka tsara mana aikin, ba ni ba. Sun dawo da tambayoyi huɗu daga bakin maza: maganin mi ne, ƙwaro ko ciyawa? Nawa ake zubawa? Bayan feshi kwana nawa kafin a yanka a ci? Ya lalace ko da sauran kwanansa? Mata suka ƙara ta biyar, wadda ba namijin da ya yi ta: in yaro ya sha, mi za a yi kafin a kai likita? Waɗannan tambayoyi biyar suka zama manhajarmu. Duk kalmar da ba ta taimaka wajen amsa ɗaya daga cikinsu, muka bar ta sai wani jiƙon.

A nan ne karatuna na harshe ya fara yi mini amfani a karon farko. Na lura yaran sun san Ingilishi fiye da yadda suke zato, sai dai yana sanye da rigar Hausa. Da muka haɗu da “bucket” na ce su faɗe ta da ƙarfi sau uku, sai wani ya ce: “Bokiti!” Haka lita, haka tanki, haka asibiti. Mu mutanen iyaka baki biyu gare mu wajen aro: muna da fetur muna da isansi, muna da direba muna da shofer. Faransancin da suke jin tsoro shi ma ya zama gada, don kalmomi irin su “danger” da “dose” da “date” rubutunsu ɗaya ne a harsunan biyu. Amma gadar tana da rami. Da suka ga “caution” sai suka ce kuɗin ajiya ne, irin wanda mai gidan haya ke karɓa, don haka take nufi da Faransanci. Suka yi ta gardama a kan dalilin da zai sa a biya kuɗin ajiya kan maganin tsutsa, har masu ƙamus suka gano cewa da Ingilishi gargaɗi ne, wato a yi hattara. Ban taɓa ganin yara sun riƙe kalma kamar yadda suka riƙe wannan ba.

Nahawun da na yi sati biyu ina turawa da ƙarfi, sai ga shi ya shigo da ƙafarsa. Takardar kwalba kusan duk umarni ce da hani: wanke, sanya, gauraya, kada ka ci, kada ka sha, kada ka fesa. Yaran da kansu suka gano cewa duk inda “do not” ya tsaya a gaba, to hani ne, suka sa masa suna “kul”. Suka koyi lambobi don awo, suka koyi sunayen watanni don ranar lalacewa, suka koyi bambancin “before” da “after” don a nan rai yake. Suka gano kuma cewa akwai wani ɗan zane mai launi a gindin takardar, wanda ba ya buƙatar karatu: ja shi ne mafi haɗari, sai ruwan ɗorawa, sai shuɗi, sai tsanwa. Wannan tsari ne da ake bi a ƙasashe da yawa, amma a cikin manoman da muka tambaya kusan kowa ya ɗauka ado ne.

Akwai wani yaro a cikinsu, ɗan wata gwaggonmu da ke aure a Badagishiri, can cikin Illela, an kawo shi Ƙonni don karatu. Ya maimaita aji, kuma a zaure kullum yana can baya. Ranar da muka fara rubuta fassararmu da boko, sai ya ce a hankali: “Mushe, tsohona ba ya karanta wanga. Ajami ɗai ya sani.” Muka dubi juna. Yawancin waɗanda muke yi wa aikin haka suke. Kuma duk cikinmu, har ni mai jami'a, ba wanda hannunsa ya kai na yaron nan kyau a ajami, don ya yi nisa a allo. Daga ranar ya dawo gaba. Kafin ya rubuta layi sai ya tabbatar ya gane Ingilishin da kansa, don ya ce ba zai sa hannunsa a abin da bai sani ba.

Yanzu bari in faɗi inda muka kusa yin ɓarna, don wanda zai gwada irin wannan ya sani.

A kan wata kwalba akwai layin da ke cewa kada a yi feshi “within 14 days of harvest”. Masu ƙamus suka duba kalmar farko suka samu “cikin”. Wajen kwafewa daga kaye zuwa takarda mai tsabta, “kul” ɗin ya koma ƙarshen layin sama, layin ƙasa ya tsaya shi kaɗai: feshi cikin kwana 14 na girbi. Na karanta, na san abin da ake nufi, don haka idona ya cike gurbin da kansa, na ce ya yi. Muka kai shagon fotokopi muka buga guda 10, aka raba 6 a unguwa. Da dare ɗiyar Kawu ta karanta wa mahaifiyarta. Matar ta saurara ta ce: “To, a hesa ko kar a hesa?” Yarinyar ta sake dubawa, ta rugo gidanmu ba ko takalmi.

Wallahi ban yi barcin kirki ba. Abin da takardarmu ke iya nufi shi ne kishiyar abin da ke kan kwalba: mutum ya fesa guba ana saura kwana kaɗan ya yanka ganye ya kai kasuwa, kuma ya yi haka da ƙarfin zuciya don ɗan jami'a ya duba. Da asuba muka bi gida shida muka karɓo takardun, muka yayyage su. A makaranta in ka yi kuskuren fassara, maki biyu za a rage maka. A nan tukunyar miyar mutane ce. Matsala ta gaske tana sa yaro ya farka, amma kuskurenta ma na gaske ne, kuma nauyinsa yana wuyan babban da ke tsaye a gaban tablo.

Daga nan muka ƙara dokoki biyu. Ta farko, duk layin da muka fassara sai an karanta wa wanda bai yi lekol ba, a tambaye shi: in ka ji haka, mi za ka yi? In amsarsa ta saɓa wa kwalba, fassarar ta faɗi, ko da kowace kalma daidai take a ƙamus. Layin nan da ya kusa kashe mu ya koma haka: daga ranar da ka fesa, ƙirga kwana 14 cur kafin ka yanka. Ta biyu, ba abin da zai sake fita sai malamin gona ya gani.

Malamin gonan da muka samu ya karɓe mu da kyau, ya kuma rage mana zafin kai. Ya hana mu rubuta awo ko ɗaya a takardarmu, don kowane magani da ƙarfinsa, murfin kwalba kuma ba mudu ba ne, wani ya fi wani. Ya ce mu koya wa mutane inda za su duba da wanda za su tambaya. Tambayar mata ma ya ce amsarta gajera ce: a ɗauki yaron da kwalbar a nufi likita nan take, kada a tsaya ɗura masa madara ko manja. Yaran sun nuna masa lambar NAFDAC da suka gano a kan kwalabe da yawa, suna murna sun samo shaidar inganci. Ya ce musu wannan hukumar Najeriya ce, rajistarta ta can ce. A Nijar da wasu ƙasashen CILSS, kwamitin Sahel mai kula da magungunan ƙwari, wanda ke da mazauni a Bamako, shi ke ba da izini, kuma ba duk abin da ke kasuwa ne ya bi ta hannunsa ba. Wannan ko ni ban sani ba sai ranar.

Daminar 2024 ta zo da ambaliya a faɗin ƙasa, har gwamnati ta ɗage komawa makaranta zuwa 28 ga Oktoba. Wahala ce ga mutane da yawa, mu kuma ta ƙara mana sati uku da wani abu. A cikinsu muka kammala takarda ɗaya tak: gaba boko, baya ajami, kalmomin Ingilishi 20 da aka fi gani a kan kwalba da ma'anarsu, da amsoshin da malamin gona ya yarda da su. Injin fotokopi bai san launi ba, don haka yaran suka zauna da fensir mai kala suna shafa ja da ɗorawa da shuɗi da tsanwa a kowace takarda da hannu. Wani abokin Kawu mai fataucin albasa ya ɗauki guda 15 ya tafi da su Galmi, can ɓangaren Malbaza, inda a lokacin ake shirin rainon irin albasa. Yaron Badagishiri ya kai wa tsohonsa nasa.

Kada in yi muku ƙarya, ba komai ne ya yi daɗi ba. Karatunsu ya ƙaru ƙwarai, amma bakinsu bai buɗe sosai ba. Na so su yi magana, sai muka shirya tambayoyi biyar da Ingilishi muka je wurin wani ɗan kudancin Najeriya mai shago a kasuwa. Ƙanena ya daure ya jero tambayarsa yana gumi. Mutumin ya saurara har ƙarshe, sannan ya amsa masa da Hausa garau, har da karin magana. Sai da na roƙe shi ya maimaita da Ingilishi. A Ƙonni Hausa ta ishe ka komai, don haka matsalar da za ta tilasta wa yaro furta Ingilishi ba ta da sauƙin samu kamar wadda za ta tilasta masa karanta shi. Har yau ban warware wannan ba.

Na kuma kai takardar wurin tsohon mushena na Ingilishi, wanda ya koyar da ni a kolej. Ya karanta gaba da baya, ya cire tabarau ya ce: “Aiki ya yi kyau, ɗana. Amma kai yara tara gare ka da wata uku da salula. Ni aji cike gare ni har bakin ƙofa, da ƴan awoyi a sati, da manhajar da sufeto zai zo ya tambaye ni inda na kai. In na fita da su kasuwa, wa zai gama man ita?” Ban sami amsa ba, kuma ba na jin akwai amsa mai sauƙi. Wanda bai taɓa tsayawa gaban irin wannan aji ba bai kamata ya yi wa malami wa'azi ba. Sai dai da zan tafi ya riƙe takardar bai maido mini ba. Ya ce umarni da hani suna cikin manhaja, kuma gara ya koyar da su da wannan da ya koyar da su da jimlolin da ba su shafi kowa ba.

Kawu fa? Da ɗiyarsa ta karanta masa maganar kwana 14, ya yi tsaki ya ce kasuwa ba ta jiran kowa, zogala in ta isa yanka ta isa. Suka yi kwana biyu suna ja-in-ja, ita da takarda shi da shekarunsa na noma. A ƙarshe shi da kansa ya kawo mafita: zai riƙa feshi washegarin yanka, ba ana gab da yanka ba, don kwanakin su cika kafin ganye ya sake isa. Ba littafin da ya faɗa masa haka. Kwalbar kuma ta bar taga ta koma cikin wani tsohon akwatin ƙarfe mai kwaɗo. Matarsa ta bi ɗaki ta fitar da wata wofin kwalba da aka wanke ana zuba man gyaɗa a ciki, ta ba shi ta ce ya huda ta ya binne.

A watan Maris 2025 sabon kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Ingilishi da Faransanci kuma harsunan aiki. A jami'a mun yi ta muhawara a kai, wasu na murna wasu na tsoro, kowa da hujjarsa. Ni duk lokacin da aka tada zancen, zauren Kawu nake tunawa. A can harsunan nan ba su yi kishi da juna ba. Da Hausa muka yi tambaya da gardama, Faransanci ya yi mana gada, Ingilishi shi ne ƙofar da muke son buɗewa, ajami ya kai saƙon inda boko ba ya zuwa. Da na hana Hausa a zauren, kamar yadda aka hana mu a firamare, da ba a yi tambayar farko ba ma.

Ƴan'uwana ɗalibai, da yawanmu za mu koma gida hutu mai zuwa, kuma za a turo mana ƙanne a ce mu koya musu wani abu. Kafin ku sayi alli, ku zaga gidan tukuna. Ku duba takardar da ke cikin kwalin maganin zazzaɓi, ku duba buhun taki, ku duba saƙon da ke shigo wa Baba a salula yana neman mai karanta masa. Ku zaɓi wadda yaran za su iya ɗauka ba tare da ta cuce su ba, ku nemi babban da ya san fannin ya duba bayanku, kuma kada ku bar takarda ta fita sai an karanta wa wata tsohuwa ta faɗa muku abin da ta ji.

Satin da ya wuce ɗiyar Kawu ta turo mini hoto ta salular babanta. Takardar cikin kwalin wani maganin tari ce da aka saya wa Auta. Ta ja layi ƙarƙashin kalmomi uku da ba ta sani ba, sauran ta fassara da kanta a gefe. A ƙasa ta rubuta: “Yaya, duba man kahin in karanta ma Inna.”